Kiran Sallar da Aka Yanke

Bana azumi ya same mu cikin zafi. Tun hantsi kwanon rumfa yake ɗaukar wuta, kafin azahar maƙogwaro ya zama kamar an zuba masa toka. Kilishi dai haka yake so. In ka shanya nama da safe, kafin la'asar ya bushe ƙayau, ba wari, ba fargaba. Mutum ne yake shan wuya. Shekaranjiya da yamma ina kishingiɗe a tsakar gida ina jiran rana ta yi ƙasa, sai 'yata Zainabu ta zo da waya a hannu, wai ta tono wani tsohon bidiyo, ga ni a ciki da baƙin gemu. Ban ko miƙa hannu ba. Na san wanda take nufi. Bidiyo ɗaya na taɓa yi a rayuwata, kuma ya ishe ni.

Shekara goma sha wani abu ke nan. Wancan azumin a tsakiyar damina ya faɗo, kuma wanda ya san Ibadan ya san abin da hakan yake nufi. Ƙishirwa ba ta dame mu ba, gari a lulluɓe yake kullum. Yunwa ce ta dame mu, irin wadda take shigowa ta ƙofar sana'a. Kilishi da rana ake yin sa, mu kuwa sai mu yi kwanaki ba mu ga ƙwayar rana ba.

Rumfar ta yayana ce, Alhaji Mamman, Allah ya jiƙansa. Ni ne mai wuƙa. Tun ina ƙarami abin da na iya ke nan, ban yi boko mai nisa ba, ban koyi wata sana'a ba. Da an idar da asuba sai in kama hanyar mayanka, lokacin tana Bodija, ba a mai da ita can Akinyele ba. In zaɓo cinya, in dawo cikin taɓo, in zauna in yi ta fiɗar nama fale-fale har ka iya hango yatsanka ta bayansa. Mu shimfiɗa a gadajen kara. Daga nan aikin ya koma kallon sama. Da hadari ya haɗo ta wajen Mokola sai mu kwashe gadajen da gudu mu shige rumfa, in ya wuce mu fito da su, kafin mu gama jerawa wani ya taso. Wata rana sau da yawa haka, da azumi a baki, har ƙafa ta daina jin naka ce. In nama ya kwana da danshi, da safe ka tarar da fumfuna fari-fari a jikinsa, sai zubarwa. Muka koma busarwa da gawayi. Gawayin ma jiƙaƙƙe ne, hayaƙi ya fi wuta yawa, kilishi ya fito baƙi yana warin murhu.

A gida matata Habi ce take haɗa labu, wato kwaɓin ƙuli-ƙuli da kayan yaji da ake tsoma naman a ciki. Albasa da barkono daga kasuwar Shasha nake kawo mata, su ma a shekarar rabi ruɓaɓɓe ne. Tana daka tana atishawa, ba halin ɗanɗana gishiri, sai dai ta auna da tafin hannu ta sunsuna. Da la'asar kuma ta ɗora kaskon ƙosai da tukunyar kunu, yaran unguwa su zo saye don shan ruwa. Gaskiya a watan nan ƙosanta ne ya riƙe gidana, ba wuƙata ba.

Ma'aikata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya koma dako a Ojoo, wani ya ce zai je gida noma. Wata rana bayan azahar Yaya ya kira ni gefe, ya ce in abu bai canja ba, bayan salla zai rufe rumfa, kowa ya nemi inda zai sa kansa. Bai yi dogon bayani ba, ni ma ban tambaya ba. Mutum mai iyali, ya doshi arba'in, wuƙa kaɗai ya sani, ina zai fara?

Yaya yana da ɗa, Kamilu. A nan Sabo, unguwarmu ta Hausawa, aka haife shi, ya yi karatun kwamfuta, Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinsa. Shi ya matsa aka yi wa rumfar rajista ta zama kamfani, aka buga leda mai suna, ya kuma buɗe mana shafi a intanet. Ni har lokacin ban san inda shafin yake ba. Na taɓa tambayarsa ko a Legas aka ajiye shi, ya yi ta dariya. To ta wannan shafin wata Madam mai manyan shaguna a Legas ta same mu. Ta ce hotuna ba su ishe ta ba, kowa na iya ɗaukar hoton kilishin wani. Tana son bidiyo a kan shafin, a ga yadda ake yi tun daga yanka har leda, ita da abokan kasuwancinta su kalla. Kafin salla za su yanke shawarar wanda za su riƙa saye a wurinsa. In mun samu, rumfa ta tsira.

Kamilu ya ɗauko wani mai ɗaukar bidiyon biki daga Mokola, sunansa Bode. Kirista ne, mutumin kirki, kullum ya zo sai ya gaishe mu da ƙishirwa da Yarabanci, kuma bai taɓa shan ko ruwan leda a gabanmu ba. Aka wanke rumfa kamar za a ɗaura aure. Aka saya mana fararen huluna da safar hannu ta roba. Na sa safar, wuƙa ta ƙi bin hannuna, na cire na jefar, na ce su ɗauki hannun yadda Allah ya yi shi. Yaya kuwa ya sha babbar riga mai aiki, ya zauna a kujera ya yi jawabin maraba, ya kawo tarihin mahaifinmu tun zuwansa Sabo. Ya yi kwana biyu yana bitar jawabin nan. Habi ta ce ba mai ɗaukar fuskarta, aka ɗauki turmi da hannuwanta kawai. Duk wannan ya tafi daidai, in ban da ruwan sama da yake korar mu.

Sai Bode ya ce saura abu ɗaya: dole a ga mutum yana ci. Wai tallar abinci in ba a ga baki yana motsi ba, mutanen Legas cewa za su yi masu yi ma ba sa ci. Muka kalli juna. Ya ce in ba damuwa shi sai ya ci, tunda ba azumi yake ba. Yaya ya ce ba a rumfarsa ba, ba da rana ba, ba a gaban masu azumi ba. Kamilu kuma ya ce Madam fuskar mai yi take son gani, ba ta mai kyamara ba. Aka gwada bayan isha'i da fitilar Bode da janareta. Kilishi ya fito a hoto kamar tsohuwar fatar takalmi, ga ƙarar inji. Bode ya ce hasken Allah kawai zai nuna jan nan na labu.

Hasken rana ake so, baki kuma a ɗaure yake har rana ta faɗi. Abin da ya rage shi ne ɗan tsakin nan bayan kiran magariba, kafin duhu ya rufe. A nan garin kuwa ba shi da tsawo, kafin ka wanke hannu ya wuce. Da aka zo wa zai ci, Yaya ba shi da haƙoran kilishi, Kamilu kuma Bode ya ce ya yi kama da ma'aikacin banki. Aka juyo kaina.

Kullum da yamma sai in sa farar hula, in zauna a benci a bakin rumfa, faranti a gabana, ƙamshi yana shiga hancina, Bode ya kafa kyamara, mu jira. Ranar farko ruwa ya sauko. Washegari hadari ya rufe gari tun la'asar, kafin a kira salla ko fuskata ba a gani. Wata rana komai ya yi daidai, batirin Bode ya mutu, don unguwarsu ta kwana uku ba wuta.

Babbar matsalarmu ita ce ladaninmu, Malam Tanko. Tsoho ne mai tsantseni. In akwai gajimare ba ya yarda da agogo, sai ya ƙara jira, wai gara mutane su ƙara haƙuri da ya buɗe musu baki kafin lokaci. Sai ka ji masallatai na nesa sun kira, shi yana tsaye yana leƙen sama. Mu kuma a layinmu ba mai kai dabino baki sai ya ji muryarsa. Da na gaji na same shi bayan la'asar, na yi masa bayani a hankali, na ce ko zai riƙa kira da an cika lokaci, haske ne yake guje mana.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Siyaku, azumin unguwa guda zan ɗauka a wuyana saboda hotonka?"

Na ce ba haka nake nufi ba.

"To je ka gaya wa rana ta jira ka. Ni ba da ni kake da magana ba."

Na dawo na zauna a bencina.

Ana cikin goman ƙarshe Allah ya kawo ranar. An yi ruwa da azahar kamar da bakin ƙwarya, sai can yamma sama ta tsage ta yamma, wani jan haske ya kwanta a kan kwanukan Sabo, taɓo ma yana sheƙi. Ba gajimaren da Malam Tanko zai yi shakka a kai. Bode ya kunna kyamara tun kafin kira. Lasifika ta yi ƙara, tsoho ya yi tari sau biyu kamar yadda ya saba, sannan ya ɗaga murya. Na yi bismilla, na ci dabino, na kurɓi ruwa, na ɗauki kilishi. Wanda bai taɓa tauna kilishi da busasshen maƙogwaro ba bai san abin da nake faɗa ba. Yaji ya kama ni har cikin kunne, hawaye ya cika min ido, Bode yana ta yi min alama in yi murmushi. Na yi. Ya ce ya samu.

Na ɗauka an gama. Ashe ɗaukar ita ce mai sauƙi, ɗorawa a shafi ita ce aikin. Lokacin ba kamar yanzu ba ne. Kamilu ya riƙa zuwa wani kafe, shagon intanet, a Mokola tun safe, ya sa bidiyon ya hau, wani ɗan layi yana tafiya a fuskar kwamfuta kamar hawainiya. In ya kai rabi sai a ɗauke wuta, ko ruwa ya sauko sabis ya gudu, a koma farko. Mai kafe ya ce bidiyon ya yi nauyi, ko ya hau ma, wanda zai kalla a Legas sai ya yi barci kafin ya buɗe. Sai a rage tsawo, a matse shi. Kamilu da Bode suka zauna suka yi aikinsu. Ba su shawarci kowa ba, don a ganinsu ba abin shawara ba ne. Suka yanke duk abin da suka ga bai shafi kilishi ba. Tarin Malam Tanko da kiran salla suka tafi, dabino da ruwa suka tafi. Wurin da ya yi duhu-duhu Bode ya ƙara masa haske. Suka ɗora kiɗa mai daɗi a kai. Bidiyo ya yi sauƙi, ya hau.

Kamilu don murna ya nuna wa abokansa a majalisa, wani ya tura a wayarsa, daga nan ya bi wayoyin unguwa. Ni ban gani ba tukuna. Abin da na fara gani shi ne mai shayin bakin layi, da na wuce bayan tarawihi, ya ce, "Siyaku, ashe likita ya ɗauke maka bana? Allah ya ƙara sauƙi." Aka yi dariya, ban gane ba. Washegari a masallaci wanda muke haɗa kafaɗa shekara da shekaru ya amsa sallamata yana kallon wani wuri. Da yamma na shiga gida na tarar da ƙosan Habi a tule, yara ba su zo ba sai 'yan kaɗan. Ta ce maƙwabciyarmu ta shigo da waya ta nuna mata.

"Baban Zainabu, na san ƙarya ne," in ji ta. "Amma na gani da idona."

Na aika aka kira Kamilu, ya buɗe min. Ga ni zaune a bakin rumfa, haske tar kamar azahar, ana kiɗa, ina tauna ina washe baki. Kuma duk Sabo ta san a watan nan aka ɗauka, sun ga Bode yana zarya da kyamara. Wasu sun san da magariba muke zama, amma waɗanda suka sani ba su kai waɗanda suka kalla yawa ba. Ni kaina da na kalla saura kaɗan in yarda.

Kamilu ya rantse bai yi tunanin haka ba. Na yarda da shi. Shi kilishi yake kallo da idon mutumin Legas, ya manta a Sabo zai kwana.

Muka taru a rumfa da safe, ana yayyafi. Yaya ransa a ɓace, ya ce a cire bidiyon yau ɗin nan, ba zai sayar da mutuncin gidanmu don kasuwa ba. Kamilu ya ce Madam a cikin makon za su kalla, in suka buɗe shafi ba komai, shi ke nan, wani zai samu. Ni na ce cirewa ba ta wanke ni ba. Abin yana wayar kowa, in aka cire cewa za a yi mun ji kunya ne. A mai da abin da aka yanke, a bar hasken yadda yake, kowa ya ji da kunnensa.

Kamilu ya ce akwai matsala biyu. Madam 'yar coci ce, bai san yadda za ta ɗauki talla mai kiran salla ba. Sannan nauyi: in aka mai da wancan, sai an cire wani abu mai tsawonsa, in ba haka ba ba zai hau ba.

Yaya ya kalli ruwan da yake ɗiga daga kwano. Can ya tambayi ɗansa wane wuri ne ya fi tsawo a ciki. Kamilu ya sunkuyar da kai, ya ce jawabin maraba.

"Yanke shi," in ji Yaya.

"Baba, duka?"

"Duka, har rigar. Ka mai da kiran salla tun daga tarin. In ta ƙi saye saboda wannan, dama ba rabonmu ba ne."

Wannan karon ni ma na bi Kamilu kafe. Na zauna a kujerar roba tun hantsi, ina kallon ɗan layin nan yana rarrafe, cikina yana kuka, mai kafe yana cin dafaffiyar masara a bayan kanta yana ba mu haƙuri. Wuta ta tafi, ya tayar da janareta. Ruwa ya sauko, layi ya tsaya cak, Kamilu ya dafe kai, ni na rasa addu'ar da ake yi wa irin wannan, na yi ta salati. Sai ya ci gaba. Ana gab da la'asar ya kai ƙarshe. Kamilu ya buɗe shafin kamar baƙo, ya danna. Hoton ya yi duhu-duhu, ja-ja, ba kiɗa. Tari biyu, kiran salla, dabino, ruwa, sannan ni da hawayena.

Shi ma ya bi wayoyi, ko da yake bai yi gudun na farko ba. Yara suka dawo sayen ƙosai. Mai kafaɗa a masallaci ya miƙo min hannu kamar ba abin da ya faru, ni ma ban tayar ba. Malam Tanko ne kawai ya tare ni, ya ce wa ya ba mu izinin kai tarinsa Legas. Na ce shi ne shaidata. Ya ce to da mun gaya masa, da ya gyara murya.

Ana jibi salla Madam ta kira Kamilu. Ta ce bidiyonmu ya yi duhu, kuma ba ta gane dalilin dogon jira kafin a ci ba. Ya yi mata bayani. Ta ce kakarta ma musulma ce, haka take zama da kofi a hannu tana jiran kiran salla. Ba ta ba mu duk abin da muka sa rai ba, ta ce a fara da kaɗan ta gani. Kaɗan ɗin ne ya kai mu har rani, rana ta dawo, ba a rufe rumfa ba. Sunan da bidiyon farko ya jawo min dai bai tafi ba. Har gobe tsofaffin layinmu Siyaku Azahar suke ce min, na gaji da hanawa.

Yanzu Yaya ya rasu, Malam Tanko ya riga shi. Kamilu yana Legas da iyalinsa, ni nake riƙe da rumfa, gwiwa ta fara ƙi. Zainabu ce take yi mana talla. Ta ɗaga waya ta ɗauka, kafin ruwan shayi ya tafasa ya hau, har wani ya yi oda daga Fatakwal. Ba mai zuwa kafe, ba mai kallon layi.

Shekaranjiyar da na ƙi karɓar wayar, ita ba ta haƙura ba. Ta zauna a bakin tabarma ta danna. Rana ta yi ja amma da saura, kowa ya yi laushi, uwarta tana kicin tana tsame ƙosai. Sai ga tari biyu, sai ga murya ta cika tsakar gida.

Na tashi zaune. Na ce ta kashe, kada uwarta ta ji ta kai ruwa baki kafin lokaci.

Habi ta leƙo da matsami a hannu, gumi yana bin wuyanta.

"Bar shi ya ƙarasa," ta ce. "Na san muryar waye. Shi bai taɓa sa kowa ya sha ruwa da wuri ba."

Muka bar shi ya kai ƙarshe. Sannan muka ci gaba da jiran namu ladanin.